Yadda ake tara tsofaffin wasiƙun siyasa na zamanin NEPU da NPC har zuwa jamhuriya ta biyu

Da farko dai ka cire rai da samun irin waɗannan takardu a shago, a gidaje suke, cikin tsohuwar adaka ko ƙasan gado, ko a tsakanin littattafan wani dattijo da ya taɓa riƙe sakataren jam'iyya a unguwarsu. Don haka matakin farko shi ne zama da dattawa. Ka je ka gaishe su, ka ja hirar zamanin Sawaba da Salama, wato taken NEPU da na NPC, kar ka fara da maganar saye domin da yawa za su ga kamar raini ne. In aka yarda da kai su da kansu za su ce bari a ɗauko maka wata takarda ka gani. Kuma a yi da wuri, don idan mai gida ya rasu aka zo rabon gado takardu ne abin da ake fara zubarwa, wasu ma sai ka tsince su wajen mai ƙosai an naɗe kaya da su.

Na biyu, in ta shigo hannunka ka gano shekarunta, nan ne aikin yake kuma nan ne daɗin. Yawanci wasiƙun nan da tafireta aka buga su, wasu kuma rubutun hannu ne da boko ko da ajami, kuma ba kowacce ke da kwanan wata ba. Sai ka duba alamar da ke samanta. Fartanya ta NPC ce jam'iyyar su Sardauna da Tafawa Ɓalewa, tauraro na NEPU ne wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agustan 1950, zakara kuma na NCNC jam'iyyar su Azikiwe, waɗannan duk sun mutu da juyin mulkin Janairun 1966. In ka ga mabuɗi to PRP ce ta Malam Aminu Kano, gida da masara kuwa NPN ta Shagari, ka san kana tsakanin 1978 da 1983 ke nan. Alamar nan ba ado ba ce, a zaɓen Disamban 1959 kowane ɗan takara akwatinsa daban da alamarsa a jiki, shi ya sa wasiƙun kamfe suke ta nanata ta saboda wanda bai iya karatu ba.

Ka duba kuɗin da aka ambata. In ana neman gudummawar sule ko fam to yawanci kafin 1973 ne, a shekarar naira ta fito. Ka duba adireshi, wasiƙar da ta ce Jihar Kano ba za ta wuce 1967 baya ba. In ambulan ɗin na nan kar ka yar, kan sarki da hatimin gidan waya sun fi komai faɗin gaskiya. Wani abin kuma, duk wasiƙar da ke roƙon mata su fito su kaɗa ƙuri'a a Arewa ba ta jamhuriya ta farko ba ce, matan Arewa ba su yi zaɓe ba a lokacin duk da gwagwarmayar su Hajiya Gambo Sawaba. Wadda ke zancen santsi da taɓo kuwa bayan PRP ta dare gida biyu ne, sunayen ɓangarorin biyu ke nan, wato bayan Abubakar Rimi da Balarabe Musa sun hau gwamna a 1979.

Na uku, ka tantance ko ta asali ce ko hoto. Juya bayanta ka shafa da yatsa, haruffan tafireta suna dannuwa har ka ji tudunsu, wani lokaci aya ma huda takardar take yi, fotokwafi kuwa sumul za ka ji shi. Sa hannun manya a yi hattara da shi, sau da yawa sakatare ne ya sa a madadinsu ko kuma hatimi aka buga, kar ka biya kuɗin sa hannun Malam alhali na wani ne. Ni a ganina ma wasiƙar ƙaramin reshe da ke ƙorafin 'yan doka sun hana su lacca ta fi ta hedikwata labari.

Na huɗu ajiya. Don Allah kar a yi mata laminatin, zafin injin da roban suna lalata ta kuma ba a iya cirewa. Ban da salatif, kuma ka zare duk wani fil ko ƙarfen da ya yi tsatsa a hankali. Ka shimfiɗa ta tsakanin fararen takardu cikin fayil, ka ɗora a sama nesa da bango saboda gara da danshin damina, da hunturu kuma takarda bushewa take yi tana karyewa a kan layin ninki, to kar ka yi ta buɗewa kana ninkewa. Ɗauke ta hoto gaba da baya da wayarka, ka rubuta a wani littafi daban gidan da ta fito da abin da aka gaya maka a kanta.

Daga nan sai ka gwada abin da ta faɗa da tsofaffin jaridu irin su Gaskiya Ta Fi Kwabo. Gidan Arewa da ma'adanar tarihi ta ƙasa duk a Kaduna suke, sai gidan Mambayya, tsohon gidan Malam Aminu, a Kano in takardarka ta ɓangaren NEPU ce ko PRP. Hoton za ka tafi da shi, ita ta asalin ka bar ta a gida.