Yadda ake bin sawun dangin da suka yi ƙaura zuwa ƙasashen waje

Na sha ganin matasa a nan Kaduna sun ɗauki suna guda da suka ji a bakin iyaye, sun sa shi a Facebook da sunan cigiya, sun zauna jiran amsa. Idan aka yi wata shida shiru, sai su yanke cewa zuriyar ta ƙare, alhali sau da yawa sunan da suka yi cigiya da shi ba shi ne sunan mutumin ba.

Saboda haka matakin farko a cikin gida yake, kuma wurin tsofaffin mata za ka fara, domin su ne suka riƙe wa ya auri wa, wa ya sha nonon wa. Ka je wa goggo ko kaka da ɗan goro, ka nemi izinin naɗar maganarta a waya, kada kuma ka katse ta idan ta kauce. Abin da zai ba ka wahala shi ne alkunya. Tsohuwa ba za ta ambaci sunan mijinta ko na ɗanta na fari ba, kuma duk mai irin sunan ta sakaya shi da laƙabi tun tana amarya. Ni kaina na shafe kusan shekara biyu ina neman ƙanen kakana da sunan da ake kiransa a gida, sai daga baya wata tsohuwa da suka yi makarantar allo ɗaya ta faɗa mini sunansa na yanka. Tanko, Ɗanlami da Ɗanjuma duk laƙabi ne, kuma mutumin da ya sauka baƙon wuri yakan koma ga sunan da aka raɗa masa, a haɗa da sunan garinsu. Don haka kada ka tashi sai ka sami sunan yanka, da na mahaifinsa, da na kakansa, da garin asali, da sana'arsa, da irin tsagar da ke fuskarsa. Idan alkunya ta hana ta, ka jero sunaye da kanka, ita kuma ta gyaɗa kai.

Kada ka tambayi shekarar tafiya, ka tambayi zamanin wane sarki. Idan aka ce zamanin Sarkin Zazzau Ja'afaru ne, ka san tsakanin 1937 da 1959 ke nan, idan kuma aka ce ana cikin yaƙin Hitila, to tsakanin 1939 da 1945.

Daga nan sai hanya. Wanda aka ce ya tafi gabas da ƙafa, ka fara da Sudan kafin Makka, saboda alhazai da yawa sun tsaya noman auduga a Jazira don tara guzuri, suka yi aure, ba su ƙara gaba ba. Garin Mai Wurno da ke Sudan ma mabiya Sarkin Musulmi Attahiru ne suka kafa shi bayan yaƙin Burmi na 1903. A can da suna huɗu a jere ake sanin mutum, don haka ka sa malami ya rubuta maka jerin sunayen da Larabci kafin ka shiga intanet, sai dai yaƙin da ya ɓarke a 2023 ya warwatsa iyalai da yawa, dole ka yi haƙuri. Wanda ya bi fataucin goro kuwa, zangon Kumasi da Salaga da Ankara (Accra) a ƙasar Gana za ka dosa, ka kuma tuna cewa a 1969 gwamnatin Firayim Minista Busia ta kori baƙi daga Gana, wataƙila jikokinsa sun daɗe da dawowa Najeriya.

Gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna da kuma Gidan Arewa suna da amfani idan kakanka ya riƙe sarauta ko ya yi aikin En'e, wato hukumar gargajiya ta zamanin Turawa, amma ba kasafai ake samun sunan talaka a fayilolin Turawa ba, kada ka ɓata makonni a can. Gwajin ƙwayoyin halitta kuma da dala ake biyansa, kuma ba ya haɗa ka sai da wanda shi ma ya yi gwajin, ni ban ga dalilin farawa da shi ba.

Hanya mafi sauri ita ce Sarkin Zango ko limamin unguwar Hausawa na garin da kake zato, kuma direbobin manyan motoci da 'yan kasuwar da ke zuwa can sukan samo maka lambarsu. Ka aika saƙon murya da Hausa, ka fito fili ka ce zumunci kake nema ba gado ba, in ba haka ba za a rufe maka ƙofa. Ka ɓoye bayani ɗaya, kamar sunan mahaifiyar wanda ya tafi, ka bari wanda ya ce shi jininka ne ya faɗe shi da bakinsa, kuma kada ka tura ko kwabo kafin tsofaffin ɓangarorin biyu su gana ta bidiyo.