Hazo da hayaƙi a hunturu

Salamu alaikum 'yan uwa manoma. Tunda hazo ya sauka, don Allah mu daina cinna wa karan gona wuta da yamma. Da sanyin dare iska kwantawa take yi, hayaƙin ba ya tashi sama, sai ya kwana cikin gari a ƙirjin yara da tsofaffi, ga ƙura kuma. In ƙonawar ta zama dole, a bari sai hantsi ya dubi ludayi, a tsaya har wutar ta mutu. Ni dai na fi son a tara wa dabbobi karan.

Masu sussuka da shiƙa, ku ba iska baya, ku rufe hanci da rawani ko mayafi. Kaskon gawayi kuwa a ɗaki rufe kisa yake yi cikin barci, a fitar da shi kafin a kwanta.