Yadda za ka karanta taurarin mai sayarwa kafin ka tura kuɗi

Makin taurarin da masu saye ke ba mai kaya a shafukan sayayya na intanet yana tsufa, amma lambar da ke saman shafi ba ta nuna shekarunta. Ɗan kasuwa mai maki 4.8 cikin 5 daga masu saye 3,000, ko mutum 100 a jere sun ba shi tauraro ɗaya, makin ba zai wuce saukowa 4.7 ba. Kayansa sun lalace tun bara, tsohon yabo na rufa masa asiri.

Don haka kada ka tsaya kan jimla. Jera sharhin daga na baya-bayan nan, ka karanta na wata uku da suka wuce kawai. Fara da masu tauraro biyu da uku, nan gaskiya ta fi zama. Masu biyar da yawa ragi aka yi musu alkawari. Kasuwar intanet ta Amazon ta hana yabo a madadin kayan kyauta tun 2016, sana'ar dai ba ta mutu ba.

Sai ka duba ko yabon na wannan kayan ne. Akwai masu sayar da wayar caji mai arha har su tara taurari, sannan su sauya hoto da suna a shafin, ya koma batirin sola. In kana neman batiri ka ga ana yabon tsawon waya, fita. Haka in sharhi talatin sun faɗo rana ɗaya da kalmomi iri guda, sayen bogi ne, mai kayan ya saya wa kansa da asusun ƙarya.

Wani abin kuma, wasu mutane ranar da kaya ya iso suke ba da maki. Fankar da aka yaba a sanyin Faransa ba ta ga zafin Marwa na watan Afrilu ba. Nemi sharhi mai hoto, daga ƙasa mai zafi da ƙura.

Su kuwa masu talla a Facebook da WhatsApp, hoton godiyar kwastoma ba shaida ba ne, kowa na iya haɗa shi. In kayan daga Duwala zai taho Garwa ko Kusiri, nemi bidiyonsa da sunanka a rubuce a takarda, da rasit ɗin kamfanin mota. Ku daidaita a kan kafin alƙalami kaɗan ta Orange Money ko MoMo, ragowar sefar sai ka buɗe kwali a tasha.