Yadda Ake Kimanta Girman Ƙahon Barewa Mai Farin Wutsiya Tun Daga Nesa

A dazukan Amurka da Kanada, maharbi kan samu daƙiƙu kaɗan ne kafin namijin barewa mai farin wutsiya ya shige kurmi. A cikinsu zai yanke ko ƙahon ya kai a harba, ko a bar dabbar ta ƙara shekara. Ƙahon ba irin na barewar dajinmu ba ne. Yana da rassa kamar itace, yana faɗuwa a ƙarshen hunturu ya sake fitowa sabo, kuma ba a iya ɗora masa tef dabbar tana raye. Sai dai ma'aunin yana nan a fuskarta, wato kunne da ido da hanci.

Kafin ka shiga daji, san abin da ake ƙirgawa. Tsarin da aka fi bi na ƙungiyar Boone and Crockett ne, wadda Theodore Roosevelt, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka, ya kafa a 1887. Ana haɗa abu huɗu da inci a fitar da makin ƙaho: tazarar da ke tsakanin ƙahonin biyu ta ciki, tsawon uwar ƙahon kowane gefe (babban jigon da rassa ke fitowa daga jikinsa), tsawon kowane reshe, sai kauri a wuri huɗu kowane gefe. Tsinin da bai kai inci 1 ba, ba a lissafa shi.

Fara da tazara. Jira ya fuskance ka, kunnuwansa a miƙe yana saurare. Daga tsinin kunne zuwa tsinin kunne, babban namijin arewa kan kai wajen inci 16. Idan ƙahon ya wuce kowane kunne da inci ɗaya, ka ba shi 18. Na kudu sun fi ƙanƙanta. A yankuna da dama na Texas doka ta sa mafi ƙarancin tazara inci 13, maharba kuma da kunnen suke gane ta. Ni dai a ganina a nan mutane suka fi ruɗuwa, domin faɗi ya fi ɗaukar ido, alhali sau ɗaya tak yake shiga lissafi.

Inda maki yake shi ne rassa da uwar ƙaho, don haka a nan za ka ɓata lokacinka. Kunnen kansa inci 6 zuwa 7 ne. Auna kowane reshe da shi a zuciyarka: wanda ya kai kunne da rabi ya doshi inci 10. Reshe na biyu da na uku su ne suka fi tsawo, kar ka manta da na farko da ke kusa da goshi, wanda kunne kan ɓoye. Uwar ƙaho kuwa sai ya juya gefe. Daga ido zuwa hanci kusan inci 8 ne. Idan bakin ƙahon ya miƙo gaba har ya yi daidai da hanci, kana kallon abin da ya haura inci 24, kuma irin wannan ba kullum ake gani ba.

Kauri ba shi da wuya. Kewayen ido wajen inci 4 ne, sai ka kwatanta shi da gindin ƙahon.

Sai lissafi. Ɗauki gefe guda: uwar ƙaho 21, rassa 4 da 8 da 7, kauri huɗu a haɗe 15, jimla 55. Ninka biyu ya zama 110, ƙara tazara 17, ka sami 127. Idan gefe ɗaya ya fi ɗan'uwansa ko wani reshe ya karye, bambancin zai fita daga makin.

Duk abin da ka samu, rage masa kaɗan. Namijin da ya ba ka baya yana gudu, ko ya tsaya a kan tudu sararin sama na bayansa, kan yi kamar ya fi ainihin girmansa. Haka ma a watan Agusta, lokacin da fata mai laushi ke lulluɓe da ƙahon. Ƙungiyar ma ba ta auna ƙaho sai ya yi kwana 60 yana bushewa, kuma mai daidaitattun rassa sai ya kai 170 yake shiga babban kundinta. Wanda wani maharbi, Milo Hanson, ya harba a Saskatchewan ta Kanada a 1993 ya kai 213 da 5/8.