Yadda Mai Bi Zai Hana Zatonsa Toshe Masa Kunne Ga Muryar Allah

Masu bi da yawa suna kukan cewa sun yi addu'a da azumi a kan aure, aiki ko ƙaura, amma Ubangiji bai ce musu kome ba. Sau da yawa amsar ta iso, sai dai ba ta zo da kamannin da suka riga suka tsara mata a zuciya ba, saboda haka ba su gane ta ba. Ana iya magance wannan, kuma aikin yana farawa tun kafin a durƙusa.

Abu na fari shi ne ka fito da zatonka fili. Kafin ka roƙi ja-gora, ɗauki takarda ka rubuta amsar da kake so, da lokacin da kake jiranta, da bakin wanda kake sa ran za ta fito. Na'aman, shugaban sojojin Suriya, ya kusa komawa gida da kuturtarsa domin ya ƙudurta cewa annabi Elisha, wanda ya je wurinsa neman warkarwa, zai fito da kansa, ya kira sunan Ubangiji, ya kaɗa hannu a kan ciwon (2 Sarakuna 5:11). Da aka aiko masa ɗan saƙo cewa ya yi wanka sau bakwai a Urdun, sai ya husata, yana fifita Abana da Farfar, kogunan Dimashƙu. Bai yi shakkar ikon Allah ba, hanyar ce ya raina.

Bayan haka, tambayi kanka abin da za ka yi in amsar ta saɓa wa abin da ka rubuta, domin a nan ne yawancinmu muke ruɗin kanmu. Bayan faɗuwar Urushalima wajen shekara ta 586 kafin haihuwar Almasihu, da aka kashe gwamna Gedaliya, sauran mutanen Yahuza sun roƙi annabi Irmiya ya nema musu nufin Allah, suka yi alkawarin biyayya ko maganar ta yi musu daɗi ko ba ta yi ba. Bayan kwana goma amsa ta zo cewa su zauna a ƙasar, kada su ji tsoron sarkin Babila. Nan take suka ce annabin ƙarya yake yi, suka nufi Masar, har suka tafi da shi (Irmiya 42 da 43). Tun kafin su tambaya sun riga sun kama hanyar Masar, abin da suke nema kawai shi ne a sa musu albarka. Saurayin da ya gama kai kayan aure kafin ya je wurin fasto neman shawara yana kan wannan turba, kuma Hausawa sun ce so hana ganin laifi. In ka iske ba za ka iya karɓar "a'a" ba, to, addu'arka ta fari ta zama roƙon zuciya mai biyayya, maganar ja-gora ta biyo baya.

Wajen karatun Littafi Mai Tsarki, daina farautar ayar da za ta goyi bayanka. Bi littafi guda daga farko zuwa ƙarshe, ka lura da wanda aka yi wa maganar da kuma dalilinta, ka kuma sa alama musamman a wuraren da suka dame ka. Mafarki da annabci ma haka ne, 1 Yahaya 4:1 ta umarta a gwada ruhohi, kuma a ganina saƙon da ya yi daidai da burinka ɗari bisa ɗari shi ya fi bukatar gwaji.

Ka nemi wanda zai iya musa maka. Barorin Na'aman ne suka lallashe shi ya shiga ruwa, kuma yarinya baiwa ce ta fara ba da labarin annabin. A gidan Maryamu uwar Yahaya Markus, ikilisiya tana addu'a domin Bitrus da aka kulle a kurkuku, sai ga shi yana ƙwanƙwasa ƙofa, amma da baranya Roda ta kawo labari sai suka ce ta haukace (Ayyukan Manzanni 12:15). Saboda haka kada ka taƙaita sauraronka ga babban mai wa'azi a ranar taro. Kai takardar da ka rubuta ga dattijon ikilisiya ko uwa a zumuntar mata wadda ta san halinka, ka roƙe ta ta nuna maka inda son rai ya shiga, sa'an nan ka ba maganarta kwanaki kana addu'a a kai kafin ka yanke shawara.