Kurakuran masu cinikin tsofaffin kwandaloli: goge-goge da ɓoye aibi

Na gaji da ganin abu ɗaya. Yaro zai tsinci sulalla da aninai a tsohuwar adakar kakarsa, kafin ya nuna wa kowa sai ya nemo toka da lemun tsami, ko Brasso da tsumma, ya dirje su har su riƙa ɗaukar ido, sannan ya kawo yana jiran a yaba masa. Alhali da hannunsa ya rage musu daraja, kuma ba ta dawowa. Masu tara tsofaffin kuɗi fatar kwandala ta asali suke saye, wadda ta fito da ita daga gidan buga kuɗi, har da duhun da shekaru suka ɗora mata. Gogewa kankare wannan fatar take yi.

Babban kuskuren mai saye shi ne ɗaukar ƙyalli a matsayin shaidar sabunta. Wannan ya taɓa cin jarina, lokacin da wani ya tallata mini fataka (sule biyu) da sulallan azurfa na Afirka ta Yamma, irin waɗanda aka fara bugawa a 1913 masu hoton bishiyar kwakwar manja, suna walƙiya a rana tsaka. Da na kai wa wanda ya san harkar, farashin azurfar kawai ya taya. Ga abin da nake yi yanzu, kuma ba na tsallakewa ko ɗan'uwana ne mai kayan. Ina shiga inuwa, in kunna tocila guda, in riƙe kwandalar ta gefe ina karkata ta a hankali. Wadda ba a taɓa ba, haskenta zagayawa yake yi a fuskarta kamar hannun agogo, domin bugun inji yana barin ƙananan layuka daga tsakiya zuwa baki. Wadda aka goge kuwa hasken a kwance yake, ko'ina ɗaya, kuma da gilashin ƙara girma za ka ga siraran zane bila adadin sun nufi gefe guda, sun bi ta kan hoton sarki da rubutu duka. Sai in duba lungunan haruffa: in fili ya yi fes amma baƙin datti ya maƙale kewaye da kowane harafi, tsumma ne ya wuce ta sama bai kai ciki ba. Sannan tambaya mai sauƙi: kambin Sarkin Ingila George V da ke jikin kuɗin ya side, ganyen bishiya ya shafe, to ƙyallin daga ina? Kuɗin da ya sha hannu har ya cinye ba ya sheƙi.

Akwai layukan da ba na guga ba ne, na hatimin bugawa ne da aka goge a masana'anta. Su a tashe suke, kuma suna tsayawa a gindin harafi, ba sa hawa kansa. Kada ka zargi mutum a kansu.

Kwandalar azurfa da aka tsoma a ruwa mai tsami fari fat take fitowa, ba rai. Jan ƙarfe kuma ya koma ruwan hoda.

Kuskure na biyu, wanda ya fi ɓata mini rai, na mai sayarwa ne. Ka san an goge, ko kai ka goge, sai ka yi gum, ka ɗauki hoto a kusurwar da zanen ba zai fito ba ka aika ta WhatsApp. Malam, wannan algus ne. Hadisin da Muslim ya ruwaito game da mai abincin da ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasa ya bar busasshe a sama bai ware 'yan kwandala ba, kuma a fiƙihu mai saye na da damar mayar da haja idan ya gano aibin da aka ɓoye masa. Ko ta fuskar riba ma wauta ce. Kamfanonin tantance kuɗi na Amurka irin su PCGS da NGC suna rubuta wa irin wannan kwandala cewa an wanke ta, su hana ta cikakkiyar daraja, kuma masu sayen nan sun san juna. Ni a rubuce nake sa "an goge", in ɗauki hoto biyu, ɗaya da hasken gefe mai tona zanen, in faɗi nauyi, in kuma yarda a dawo mini da kaya. Wasu abokan sana'a na cewa na cika tsanani, wai ai mai saye yana da ido. Idonsa bai sauke maka nauyin faɗa ba.

Dalar azurfa mai hoton Mariya Taresa ta Ostiriya tana ruɗin sababbin shiga. Suna ganin 1780 su ɗauka sun yi tsuntuwa, ba su san an ci gaba da buga ta da wannan shekarar har zamaninmu ba. Ta gaske nauyinta giram 28 da ɗan ɗoriya ne, don haka ka auna. Da yake mata sun daɗe suna ado da ita a ƙasar Hausa, yawanci maƙeran farfaru sun sha wanke ta. Duba bakinta ko an taɓa liƙa mata marataya aka cire, ko an toshe huda. Wannan ma aibi ne da ake faɗa.

Kwabo, ɗari (rabin kwabo) da anini masu huda na 1936 da ke ɗauke da sunan Sarkin Ingila Edward VIII: gaskiya ne bai cika shekara a sarauta ba, amma an buga su da yawa, kada ka tsuga farashi da sunan ba a samu. Ka dai duba ƙaramin H ko KN, alamar masana'antun Birmingham, ka rubuta wa mai saye.

Riƙewa ta gefe ake yi, gumin yatsa yana barin tabo. Kada ka zuba su leda ɗaya suna gugar juna, kuma roba mai laushi tana sa su kore. Ni takarda nake naɗe kowace. In laka ce ta kama, jiƙa a ruwa mai tsabta ka ɗora kan ƙyalle ta bushe da kanta, ban da murzawa. In ta riga ta gogu, kada ka turara ta da hayaƙi ko ka binne ta don duhu ya dawo. Zanen yana nan a ƙarƙashi, tocila za ta nuna shi.