Yadda za ki taimaki 'yar'uwarki ta raba jari da kuɗin gida

Mata da yawa sun iya sana'a wallahi, abin da ke karya su shi ne jari da kuɗin cefane duk a jaka ɗaya. In kina da 'yar'uwa da ta fara, ki zauna da ita ku yi wannan.

Da farko ku samu littafi da biro, kowane shafi ku raba shi biyu, abin da ya shigo da abin da ya fita.

Sai ku lissafa nawa kowane kaya ya tsaya mata, ba kuɗin sari kaɗai ba fa, har kuɗin mota da leda da datar da take ƙonawa wajen talla a WhatsApp, nan ne mutane ke faɗuwa, ta ɗauka riba ta ci alhali aljihunta ne ya biya.

Na uku, ta buɗe akawun daban na kasuwancin kawai.

Na huɗu ta yanka wa kanta albashi duk wata, sauran ya koma jari.

Bashi kuma ta rubuta suna da rana, ko waye. Ke ma in kin ɗauki kaya ki biya nan take don Allah, kar ki ce sai ƙarshen wata.